KAFIN KI SHIGA, DUBI ƘOFAR FITA



Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan karon wani al'amari ne da ya faru a cikin danginmu, wanda har yau idan na tuna shi sai gabana ya faɗi. Na nemi izinin mai abin kafin in rubuta, ta ce in rubuta ko Allah zai sa wata ta tsira, amma kada in kama sunanta. Don haka zan riƙa ce mata ƙanwata kawai, domin ɗiyar goggona ce, ɗaki ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci. Amma bari in fara da kaina tukuna, don kada ku ce na ga laifin wata na manta da nawa.

Ni a Fagge aka haife ni, a irin babban gidan nan da ba a rasa mutum talatin a ciki. A gidanmu ko kuka kike son yi ba ki da wurin ɓuya, kafin hawaye ya sauko an sami mai cewa "Ke kuma lafiya?" Da aka yi min aure sai aka kawo ni Hotoro, gida mai doguwar katanga da ƙaton get, ni kaɗai kamar mayya. Maigidan da ya karya zai tafi Kantin Kwari, ba zan sake ganinsa ba sai bayan isha'i. Sati biyun farko 'yan ganin ɗaki suna ta zuwa, daga nan ƙafa ta ɗauke ɗif. In share gidan da ba wanda ya ɓata, in wanke kwano biyu, in zauna ina sauraren agogon bango. Wallahi akwai ranar da na kira wata yarinya mai tallar gyaɗa na sayi ta naira ɗari, alhali ko son gyaɗa ba na yi, muryar mutum kawai nake son ji a tsakar gidana. Wadda ba ta taɓa irin wannan zaman ba ba za ta san cewa kaɗaici ma yunwa ne ba.

Ana nan sai wata maƙwabciyata, Allah Ya saka mata da alheri, ta ce in nemi izinin maigida ta kai ni wani gida a Tarauni, inda wasu mata suke haɗuwa duk ranar Asabar bayan la'asar. Taron nan ko suna ba shi da shi. Mu goma sha wani abu ne, wata da kwarashi da zare tana saƙa kayan jarirai, wata tana ɗinkin hula, ga kwali cike da littattafan Hausa ana musaya, ga ɗan adashi da ake zubawa duk sati. Mai gidan ita ce uwar adashi, amma ba ta fi ƙarfin a tsokane ta ba, ranar da ta yi kuskuren lissafi sai da aka yi wata guda ana yi mata tsiya, ita ma tana dariya. A nan na fara karanta wa mutane labarin da na rubuta a littafin makaranta, suka yi masa kaca-kaca, wata ta ce jarumar tawa ta cika kuka, wata ta ce ƙarshen bai yi ba. Na koma gida ina fushi, na gyara, kuma da kwasar adashin nan na buga littafina na farko. Da na haihu na yi wata huɗu ban je ba, ba wadda ta ce na ci amana. Su suka zo min suna da turmin atamfa, da na koma aka matsa min wuri a tabarma kamar jiya na tashi.

To kun ga ni shaida ce a kan amfanin ƙungiya. Ɗan'adam ba a halicce shi don ya zauna shi kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nawa ganin abu uku ne ke kai mutum cikin taro. Yana son inda aka san sunansa, idan bai zo ba a tambaya. Yana son abin yi wanda zai nuna ya ce ni na yi wannan. Sannan yana son wanda zai saurari damuwarsa ya ba shi haƙuri. Kuma wannan ba yau aka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo wurinta su ɗauki karatu, sannan su koma garuruwansu su koyar da 'yan'uwansu. Iyayenmu sun yi zamanin ƙungiyoyin zaɓi-sonka, mutum yana Kano ya ƙulla zumunci da na Maraɗi ta hanyar gaisuwa a rediyo. Mu marubuta kuma mun taso mun tarar da labarin ƙungiyar Raina Kama a nan Kano, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda suka haɗa kai suna tallata littattafan juna a lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i ba sa kallon irin rubutunsu. Duk waɗannan taro ne na alheri.

Sai dai kash! Yunwar da ta kai ni Tarauni, ita ce dai ta kai ƙanwata wani wurin daban.

Ita a Gyaɗi-Gyaɗi aka kai ta. Shekara shida da aure ba haihuwa, ɓari biyu, dangin miji sun fara yada magana, ana ta raɗe-raɗin zai ƙara aure. Wata rana tana layin ganin likita sai wata mata da ke kusa da ita ta ga tana share hawaye, ta dafa ta ta ce, "Baiwar Allah, ni ma na yi irin kukan nan. Zo in kai ki wurin Umma." Ita wannan Umma wata mata ce da ke tara mata a gidanta, ana addu'o'i, ana ba da shawara. Ƙanwata ta ce ranar da ta fara zuwa, mata wajen ashirin suka taso suka rungume ta kamar sun shekara suna jiran ta, aka zuba mata abinci, ta ba da labarinta suna kuka tare da ita. Washegari tun da safe waya ta fara ƙara, wannan ta kira ta ji ya ta kwana, waccan ta kira ta ji ko ta karya. Da zazzaɓi ya kama ta su suka yi mata girki da wanki kwana uku. Ku gaya min tsakani da Allah, wace ce a cikinmu za ta ƙi irin wannan?

Mu idan aka ce ƙungiyar asiri, hankalinmu yana tafiya ga 'yan shan jini da jan ƙyalle da taron tsakar dare kamar yadda muke gani a fim. Shi ya sa ba ma gane ta idan ta zo da sallama da murmushi da kwanon abinci. Abin a hankali ya riƙa tafiya. Da farko zuwa sau biyu a sati ne, ya koma kullum. Sai aka ce abin da aka tattauna a ɗakin Umma ba a gaya wa "na waje", ko da miji ne, domin albarkar tana zubewa. Sai aka ce kowace mace ta zauna gaban Umma ta faɗi duk sirrinta, har abin da ke tsakaninta da mijinta, wai don a wanke zuciya. Sai Umma ta fara mafarki. Ta yi mafarki cewa a cikin dangi aka ɗaure mahaifar ƙanwata, don haka ta daina cin abincin kowa a danginmu. Sai maganar sadaka ta taso, 'yan kunnen gwal suka tafi, sarƙar lefenta ta bi, daga baya har keken ɗinkin da Goggo ta saya mata. Kuma kullum ana ba su labarin wance da ta bar wurin ta haukace, da wance da ta yi wa Umma musu ɗanta ya mutu.

Ni ban farga ba sai a wani bikin danginmu. Na ga ta rame, ta koma gefe ita kaɗai, na zubo mata waina da miyar taushe, wadda na san tana so tun muna yara, ta ture kwanon. Na ce, "Ke lafiyarki kuwa? Ni ce fa." Ta ɗago ta dube ni da wani irin ido wanda ban san ta da shi ba, ta ce, "Yaya, ku ba za ku gane ba. Ku dai ku bar ni da waɗanda suka damu da ni." Maganar ta yi min zafi, na ce to ta je ta ƙarata. Na yi wata takwas ban taka gidanta ba, alhali daga Hotoro zuwa Gyaɗi-Gyaɗi a-daidaita-sahu ɗaya ce. Wannan shi ne laifina, kuma da na zauna na yi lissafi sai na ga tun kafin Umma ta same ta ma, sau nawa na je na zauna da ita na ji damuwarta? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wadda ta farkar da ni ita ce kakarmu, Inna. Na je Fagge ina ba ta labari ina huci, ta bari na gama tsaf sannan ta ce, "Zauna 'yar nan. Ni na taɓa ganin irin wannan da idona, har ya ci gari." Sai ta ɗauko min labarin Maitatsine.

Da yawanmu an haife mu bayan abin ya wuce, suna kawai muke ji. Sunansa Muhammadu Marwa, asalinsa daga ƙasar Kamaru. An taɓa korar sa daga Kano a 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, daga baya ya dawo ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki, kusa da Fagge. An sa masa Maitatsine ne saboda yawan tsine wa duk wanda bai bi shi ba. Ya haramta wa mabiyansa rediyo da agogo da keke da tara kuɗi, ya raba su da sauran Musulmin gari, ya nuna musu su kaɗai ne a kan gaskiya. Yawancin mabiyan nan samari ne da suka zo daga ƙauyuka da ƙasashen maƙwabta, gardawa da 'yan ci-rani, masu shayi da masu yankan farce, a lokacin da kuɗin man fetur ya cika gari amma su ba su ga ko ƙyallinsa ba. A ƙarshen Nuwamba 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takarda ya tashi daga wurin. Ranar 18 ga Disamba 1980 faɗa ya ɓarke tsakaninsu da 'yan sanda a filin Shahuci, aka yi fiye da kwana goma ana ɗauki-ba-daɗi, sai da gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta turo soja, shi kansa Marwa ya mutu a ciki. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 ne suka rasa rayukansu. Kuma wutar ba ta mutu a nan ba, ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

Inna ta ce su da ƙafa suka gudu da yara a goye. Amma abin da ya fi tsaya mata a rai wani yaro ne mai ga-ruwa da yake kawo musu ruwa, mai ladabi, ba ya haɗa ido da manya. Ta ce a hankali ya daina amsa sallamarsu, ya daina karɓar tuwon da take ba shi, sai wata rana ya ɓace, aka ce ya koma 'Yan Awaki, ba ta sake ganinsa ba har yau. Ta ce, "Yaron nan ba mugu ba ne. Ya shigo gari ba uwa ba uba, yana kwana a zauren mutane, can ne aka ba shi wurin kwana aka kira shi ɗan'uwa. Wanda ya ba ka wuri ranar da kowa ya hana ka, ko rami ya nuna maka sai ka faɗa."

Kada ku yi min mummunar fahimta, ban ce Umma Maitatsine ce ba, ita ko wuƙa ba ta ɗauka ba. Amma hanyar iri ɗaya ce, a jawo ka da ƙauna, a raba ka da naka, a hana ka tambaya, a tsorata ka da fita. Kuma abin ba na wata ƙabila ko wani addini ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Jim Jones ya kwashi mabiyansa zuwa dajin ƙasar Gayana, inda a 1978 fiye da mutum 900 suka mutu rana ɗaya da guba, har da ƙananan yara. A 2023 a dajin Shakahola na ƙasar Kenya an tono gawa fiye da 400 na mabiyan wani fasto, Paul Mackenzie, wanda aka zarga da sa su ƙaurace wa abinci har mutuwa. A cikin waɗannan mutane akwai masu ilimi, akwai iyaye mata irinmu. Ba wanda ya shiga da niyyar halaka, kowa alheri ya je nema.

To yaya mace za ta bambance? Ranar farko ba za ki iya ba, domin duka biyun da fara'a za su tarbe ki, ta ɓatan ma ta fi iya tarba. Ni dai da na ɗora taronmu na Tarauni a gefe, na ɗora na Umma a gefe, ga abin da na gani. Mu abu ne ya tara mu, saƙa da littafi da adashi, ko mai gidan ta yi tafiya taro yana nan. Su kuwa mutum ce ta tara su, komai daga bakinta yake fitowa, ba a yi mata gyara, ba a yi mata wasa. Mu kuɗinmu a rubuce yake, kowa ta san ranar kwasarta. Su kuɗi shiga yake ba ya fitowa, tambaya kuma rashin imani ce. Mu awa biyu muke yi mu watse, kowa ta koma ta ba mijinta labari, har abin dariya ta kai masa. Su sun cinye sati gaba ɗaya, sun kuma sa wa bakinta kwaɗo. Ni taronmu ya mayar da ni gida da sana'a da sakin fuska, kamar yadda 'Yan Taru suke komawa garinsu da karatu. Ita nata taron ya mayar mata da uwa da 'yan'uwa abokan gaba. Duk wanda zai ce miki kusanci da Allah sai kin yanke zumunci, ki san ba malamin kirki ba ne, domin ko a Islamiyyar yara an koya mana girman haƙƙin iyaye da dangi.

Babbar alama kuma ita ce ƙofa. Kafin ki saki jiki da kowane taro, ki nemi wadda ta taɓa barin sa, ki ji yadda ake maganarta. Idan aka ce, "Ai wance ta koma Sharaɗa, kwana biyu ba ta zuwa, Allah Sarki," to ki zauna. Idan kuwa aka ce, "Wance ta ɓata, kada ki kula ta, ga abin da ya same ta," to 'yar'uwa ɗauki mayafinki tun da sauran haske.

Inna ta ce min kada in je da faɗa, kada in zagi Umma a gabanta, domin duk zagin da na yi ƙara tura ta zan yi, zai zama gaskiyar abin da aka gaya mata cewa mu maƙiyanta ne. Ta ce, "Ki je kawai ki zauna. Zumunta a ƙafa take." Haka na riƙa yi duk ranar Alhamis. Wata rana ta bar ni a falo ni kaɗai, wata rana mu yi gaisuwa sama-sama, ban fasa ba. Ina ba ta labarin yara, ina tuna mata wautar da muka yi muna ƙanana, idan zan tafi in ce, "Ko ƙarfe nawa ne, wayata a kunne take."

Bayan wata biyar Goggo ta faɗi, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, aka kwantar da ita a asibiti. Ƙanwata ta je neman izini wurin Umma, sai Umma ta ce wannan ciwo sharrin da aka yi ne ya koma kan mai shi, idan ta je zai dawo kanta. Ku ji fa, uwar da ta haife ta! Daren nan wajen ƙarfe ɗaya wayata ta yi ƙara, na ɗauka na ji shiru, sai shessheka. Can ta ce, "Yaya, idan na zo za ku karɓe ni?" Na ce, "Yaushe muka kore ki? Shirya, da asuba muna ƙofar gidanki."

Kwana tara ta samu tana jinyar mahaifiyarta, ita ke juya ta, ita ke ba ta kunu a cokali, a hannunta Goggo ta cika. Allah Ya jiƙanta. A zaman makoki, cikin matan nan ashirin da suka rungume ta ranar farko, ko ɗaya ba ta zo ta'aziyya ba. Wadda ta fara kai ta wurin ma sun haɗu a kasuwar Tarauni ta ɗauke kai. Sirrin da ta faɗa a ɗakin Umma kuwa sai ga shi yana yawo a unguwa. Matan taronmu na Asabar, waɗanda ba su ma san ta sosai ba, su suka yi kwana uku suna kawo abinci saboda ni.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya dawo daidai kamar ƙarshen littafi ba. Gwal ɗinta ya tafi ke nan. Haihuwa har yau muna ta addu'a, tana kuma ganin likita. Wani lokaci cikin dare tsoro yana kama ta, ta ce ko abin da aka ce zai same ta yana nan tafe. Ta kuma taɓa gaya min wata magana da ta sa ni kuka, ta ce, "Yaya, kin san wani lokaci ina kewarsu? Ba a taɓa kira na sau biyar a rana don a ji lafiyata ba sai a can." Yanzu tare muke zuwa Tarauni, ta koyi saƙa, ta ma fi ni iyawa, kuma ranar da ba ta ga dama ba sai ta yi zamanta a gida.

Don haka 'yan'uwana, ban ce ku guji taro ba. Ku shiga Islamiyya, ku shiga adashin amana, ku koyi sana'a tare, ku yi zumunci da izinin mazajenku da iyayenku. Amma ku shiga da idonku biyu, ku riƙe 'yancin tambaya, kada ku ba kowa makullin sirrinku da na aurenku. Sannan kowaccenmu ta duba danginta da maƙwabtanta, akwai amaryar da aka kai bayan gari ba mai leƙa ta, akwai wadda ta yi ɓari, akwai bazawarar da ta dawo gida kowa yana ganin ta yi yawa. Idan ba mu je mun tambaye su ya suka kwana ba, akwai masu zuwa, kuma ba mu san da me za su zo ba.

Abin da na faɗa daidai Allah Ya ba mu ladan tare, inda na yi kuskure ku yafe ni, ajizanci ne irin na ɗan'adam. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga mugun ji da mugun gani, Ya haɗa mu da abokan zama na gari, amin.

Taku har kullum,
daga Hotoro, Kano.